Ɓallewar tantanin ido: Abin da tiyata ke iya cetowa, da yadda jinkiri ke ninka kuɗinta

Daga cikin cututtukan da ke makantar da mutum, akwai waɗanda ke ɗaukar shekaru suna cin gani sannu a hankali, kamar yanar ido da hawan jinin ido. Akwai kuma wadda ke iya raba mutum da ganin idonsa cikin kwanaki kaɗan, ba tare da zafi ko jan ido ko zubar hawaye ba. Ita ce ɓallewar tantanin gani, wato siririyar fatar nan da ke shimfiɗe a bangon cikin ido ta baya, wadda likitoci ke kira retina.

Likitocin ido na ɗaukar wannan matsala a matsayin ta gaggawa. Babu maganin ɗigawa ko na haɗiya ko tabarau da ke mayar da tantanin mazauninsa idan ya ɓalle. Sai an yi aiki a idon. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke fara zuwa bakin majiyyaci da iyalansa: shin ganin zai dawo, kuma shin sakamakon zai kai kuɗin da za a kashe? Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa amsar duka biyun ta rataya ne a kan yawan kwanakin da suka wuce tsakanin bayyanar alamar farko da ranar da aka yi aikin.

Yadda tantanin ke ɓallewa

Kaurin tantanin gani bai kai rabin milimita ba, amma shi ne ke karɓar hasken da ya shiga ido, ya mayar da shi saƙo, ya aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, wanda da shi ne mutum ke karatu, da gane fuska, da zura zare a allura. Sauran sassan tantanin su ne ke ba da ganin gefe.

Cikin ƙwayar ido cike yake da wani ruwa mai kauri, mai kama da ɗanyen farin ƙwai. Yayin da shekaru ke ja, wannan ruwa yakan tsinke, ya janye daga jikin tantanin. Ga mafi yawan mutane hakan na wucewa ba tare da wata illa ba. Amma ga wasu, yayin janyewar sai ya fizgi tantanin ya yaga shi. Ta wannan yagewa ruwa ke bi ya kwanta a bayan tantanin, ya ɗaga shi daga bangon ido, kamar yadda yaɓen ɗaki ke ɗagowa idan ruwan sama ya sami kafa ya shiga bayansa.

Hatsarin shi ne, ƙwayoyin halittar da ke karɓar haske suna samun abinci da iskar shaƙa ne daga hanyoyin jinin da ke jikin wannan bango. Da zarar an raba su da shi sai su fara lalacewa, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan ba a yi aiki ba, kusan ko da yaushe idon yakan makance.

Wannan nau'i mai farawa da yagewa shi ne ya fi yawa, kuma ƙididdigar ƙasashe da dama ta nuna yana samun kusan mutum ɗaya cikin 10,000 a kowace shekara. Akwai kuma wani nau'in da tabo ke janyo tantanin daga mazauninsa, wanda aka fi gani ga masu ciwon suga da ya daɗe.

Alamomin da bai kamata a kwana da su ba

Alamomin farko uku ne. Na ɗaya, mutum ya wayi gari yana ganin baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa suna yawo a gabansa, kamar ƙudaje ko yanar gizo-gizo ko toka. Na biyu, ganin walƙiya a gefen ido, musamman cikin duhu. Na uku, wata inuwa mai kama da labule da ke tasowa daga gefe ɗaya, tana ƙara rufe gani.

Alamu biyun farko na nufin ruwan cikin ido yana jan tantanin. Daga cikin mutum goma da suka zo asibiti da irin waɗannan sababbin alamu, akan sami ɗaya ko biyu da tantaninsu ya riga ya yage. Bayyanar labulen kuwa na nufin ɓallewar ta fara. Idan labulen ya kai tsakiya har karatu ya gagara, to makula ta ɗago.

Abin da ke yaudarar jama'a shi ne rashin zafi. Tun da ɗaya idon yana gani, mutum kan ci gaba da harkokinsa, ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ko ya sa kwalli, yana jiran abin ya wuce.

Waɗanda suka fi shiga hatsari

Matsalar ta fi samun waɗanda suka haura shekara 50. Sai masu sanya tabarau mai ƙarfi saboda ba sa ganin abin da ke nesa, domin ƙwayar idonsu ta fi tsawo, tantaninsu kuma ya fi siranta. Tabarau yana gyara musu gani, amma ba ya rage wannan hatsari. Haka nan waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da waɗanda suka taɓa buguwa a ido, da waɗanda wani a danginsu ya taɓa samun matsalar. Wanda ta sama a ido ɗaya kuma, yiwuwar ta sami ɗayan ya kai kusan ɗaya cikin goma.

A Najeriya akwai ƙarin dalilai biyu. Na farko cutar sikila, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a ƙasar a kowace shekara. Cutar tana toshe ƙananan hanyoyin jinin tantanin, sai wasu marasa ƙwari su tsiro, su zubar da jini ko su ja tantanin. Wannan ya fi faruwa ga masu rukunin jini na SC, waɗanda galibi ba sa yawan kwanciya rashin lafiya kamar masu SS, don haka ba sa tunanin zuwa a duba idonsu.

Na biyu shi ne cire yanar ido ta hanyar gargajiya, inda ake soka tsinke a tura yanar ta faɗa cikin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana a Najeriya, ta wannan hanya aka yi musu. Ɓallewar tantanin gani na cikin illolin da ke biyo bayanta.

Daga cutar da ba ta da magani zuwa wadda ake warkarwa

Har zuwa farkon ƙarni na 20, ɓallewar tantanin gani hukuncin makanta ce. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jules Gonin, da ke aiki a birnin Lausanne, shi ne ya tabbatar cewa yagewar ce tushen matsalar, kuma idan aka toshe ta tantanin zai koma ya kwanta. Ya riƙa ƙona wurin da ƙarfe mai zafi, kuma duniyar likitoci ta amince da hujjarsa a babban taron likitocin ido da aka yi a Amsterdam a 1929.

A 1949 Ernst Custodis na Jamus ya fara ɗinka wani abu a bayan farin ido domin ya tura bangon ya haɗu da tantanin, hanyar da Charles Schepens ya faɗaɗa a birnin Boston na Amurka. A 1970 Robert Machemer ya fara aikin shiga cikin ido da na'ura a zuƙe ruwan mai kauri, a birnin Miami. A 1986 kuma likitoci biyu na Amurka, Hilton da Grizzard, suka bayyana hanyar amfani da kumfar iskar gas kaɗai. Waɗannan hanyoyi uku su ne ake amfani da su har yau.

Hanyoyin aiki da bambancinsu

Kafin a kai ga ukun, akwai matakin rigakafi. Idan an gano yagewar kafin ruwa ya shiga bayanta, likita zai zagaye ta da hasken lesa ko ya daskarar da wurin da sanyi, a zama ɗaya, majiyyaci ya koma gida a ranar. Yagewar da ta zo da alamu, kuma ruwan ido yana ci gaba da janta, kusan rabinta kan kai ga ɓallewa idan aka bar ta. Bayan an zagaye ta, hatsarin yakan sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100.

Hanyar farko ta gyaran ɓallewa ita ce ta kumfar gas. Ana zuba gas kaɗan a cikin ido da allura, majiyyaci ya riƙe kansa a wani yanayi na kwanaki domin kumfar ta danne yagewar, sannan a like wurin da lesa ko sanyi. Ba ta buƙatar babban ɗakin tiyata, amma ta dace ne kawai da sabuwar ɓallewa wadda yagewarta ke sashen sama na ido.

Ta biyu ita ce ɗaurin ɗamara, inda ake ɗinka wani yanki na silikon a jikin farin ido ta waje, a bar shi a nan. Ta fi dacewa da matasa da waɗanda ba a taɓa yi wa aikin yana ba, kuma kayan aikinta ba su kai na hanya ta uku tsada ba.

Ta uku ita ce bitirektomi, wato zuƙe ruwan mai kauri ta ƙananan ƙofofi, a shimfiɗa tantanin daga ciki, a like shi da lesa, sannan a cika idon da gas ko man silikon. Gas yana ɓacewa da kansa cikin mako biyu zuwa takwas, gwargwadon nau'insa. Man silikon kuwa sai an sake wata tiyata bayan wasu watanni a cire shi. Ita ce hanyar da ake bi idan ɓallewar ta yi muni.

Komawar tantani daban, dawowar gani daban

A cibiyoyin da ke da ƙwararru, tantanin yakan kwanta da aiki ɗaya a tsakanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na majiyyata, kuma idan aka haɗa da waɗanda aka sake wa aiki, adadin yakan wuce kashi 90.

Wani bincike da aka yi a birnin Toronto na Kanada, aka wallafa a 2019 da sunan PIVOT, ya kwatanta hanyar kumfar gas da bitirektomi a kan majiyyata 176 waɗanda duka hanyoyin biyu suka dace da su. Da aiki ɗaya, bitirektomi ta yi nasara a kashi 93 cikin 100, kumfar gas kuwa kashi 81. Amma bayan an sake wa waɗanda ke buƙata, ɓangarorin biyu sun kai kusan kashi 99. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa kumfar gas sun ɗan fi gani da kyau. Kuma a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa aikin yana ba, kashi 65 na waɗanda aka yi wa bitirektomi sun buƙaci aikin yana cikin shekarar, idan aka kwatanta da kashi 16 na ɗaya ɓangaren.

Wani babban bincike na ƙasashen Turai da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ɗaurin ɗamara ya fi ba da gani mai kyau ga waɗanda ke da madubin idonsu na halitta, yayin da bitirektomi ta fi kwantar da tantanin ga waɗanda aka riga aka yi wa aikin yana. Ke nan babu hanya ɗaya da ta fi ga kowa. Yanayin idon ne ke nuna wa likita wadda zai bi.

Sai dai kwanciyar tantanin ba ta nufin ganin zai koma yadda yake. Idan aka yi aikin kafin makula ta ɗago, mafi yawan majiyyata kan tsira da ganinsu, shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin yin sa cikin sa'o'i 24. Idan ta riga ta ɗago, ana samun sakamako mafi kyau ne idan aka yi aikin cikin kwanakin farko, kafin mako ya cika, kuma duk da haka ganin kan dawo da ɗan rauni ko karkacewar layuka. Bayan makonni ko watanni, abin da ake fatan samu shi ne ganin da mutum zai iya tafiya da kansa.

Jinkiri na kawo wata matsalar. Tabo kan tsiro a kan tantanin da ya daɗe a ɗage, ya tattare shi ya sa ya yi tauri. Wannan tabo shi ne babban dalilin da ke sa aiki ya ƙi ci, kuma shi ke tilasta amfani da man silikon da maimaita tiyata.

Lissafin kuɗi da amfani

Masana tattalin arzikin lafiya suna auna amfanin magani da tambayar nawa ake kashewa domin samar wa mutum ƙarin shekara guda ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya. A 2014, likitoci biyu na Jami'ar Miami, Jonathan Chang da William Smiddy, sun yi wannan lissafi bisa farashin inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka. A asibiti, rigakafi da lesa ya kama kusan dala 2,000, ɗaurin ɗamara kusan dala 6,800, bitirektomi kuma kusan dala 7,900, yayin da kumfar gas ta faɗa tsakanin lesa da ɗamara. Da suka raba kuɗin da amfanin da aka samu, kowace shekara ta ƙoshin lafiya ta kama kuɗi kaɗan, inda mafi arha ta kama dala 362.

Domin a fahimci ƙanƙantar wannan adadi, a Amurka akan ɗauki magani a matsayin wanda ya cancanci kuɗinsa ko da shekarar ta kama dala 50,000, hukumar tantance magunguna ta Ingila kuwa a baya ta daɗe tana amfani da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000. Dalilin arhar shi ne, aikin na lokaci ɗaya ne ko biyu, amfaninsa kuwa na tsawon rayuwa.

Farashin Amurka ba shi ne na Najeriya ba, amma jerin matakan iri ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya zo da yagewa kawai, zama ɗaya na lesa ya ishe shi. Wanda ya zo da sabuwar ɓallewa yana iya samun kumfar gas ko ɗamara. Wanda ya zo bayan wata biyu kuwa, mai yiwuwa ya biya kuɗin bitirektomi da man silikon, sannan na cire man, sannan na aikin yana, kuma ganin da zai samu bai kai na waɗanda suka riga shi zuwa ba. Kowane mako na jinkiri yana rufe hanya mai arha, ya bar mai tsada.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasidin asibiti. Direba ko tela ko malamin makaranta da ya rasa ido ɗaya yana iya rasa sana'arsa. Idan na biyun ya bi, sau da yawa yaro ne ake cirewa daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Halin da ake ciki a Afirka da Najeriya

Wani nazari da aka wallafa a 2002 a kan majiyyatan asibitin ido na Kikuyu da ke Kenya ya gano cewa a sama da kashi 90 cikin 100 na idanun da aka kawo, makula ta riga ta ɗago. Duk da haka an kwantar da tantanin a mafi yawansu, kuma da dama sun sami gani mai amfani. Darasin shi ne, aikin yana yiwuwa a Afirka kuma yana da fa'ida ko ga wanda ya makara, amma ana asarar mafi kyawun sakamakon tun kafin majiyyaci ya iso ƙofar asibiti.

A Najeriya, likitocin da suka ƙware a tiyatar tantanin gani ba su da yawa, kuma sun taru ne a manyan birane kaɗan, a wurare irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, da wasu asibitoci masu zaman kansu. Mutumin karkara yakan bi ta kemis, da mai maganin gargajiya, da ƙaramin asibiti, kafin a tura shi inda ya dace.

Na'urori da gas da man silikon daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin canjin dala. Kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyata yake fitowa, duk da cewa dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar ga kowa. Makonnin da iyali ke ɗauka suna haɗa kuɗi, ko sayar da dabba ko amfanin gona, su ne makonnin da tabo ke tsirowa.

Wannan ya sa matakan da za su fi amfani ba su ne mafi tsada ba: horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane alamomin uku su tura majiyyaci a ranar, samar da na'urar lesa da likitan da zai iya buɗe ƙwayar ido da magani ya duba bayansa a manyan asibitocin jihohi, da kuma tsarin da zai ba da damar a yi aikin gaggawa ba tare da jiran cikar kuɗi ba.

Abin lura bayan tiyata

Sakamakon aiki ya dogara kuma da bin umarnin likita. Wanda aka sa wa gas dole ne ya riƙe kansa yadda aka ce na kwanakin da aka ƙayyade, kuma ya tambayi likita game da sunkuyawa da aikin ƙarfi. Kada ya hau jirgin sama har sai likita ya tabbatar gas ɗin ya ɓace, domin kumfar tana kumbura a sama, ta ɗaga matsin ido har ta kashe jijiyar gani. Maniyyata aikin Hajji ko Umara su sanar da likita ranar tafiyarsu tun kafin a zaɓi hanyar aikin. Haka nan idan wata tiyata ta taso, a shaida wa mai ba da maganin barci cewa akwai gas a idon. Zafi mai tsanani, ko dawowar labulen, dalili ne na komawa asibiti nan take, kuma a tabbatar an duba ɗaya idon.

Ga sauran jama'a, shawarar likitocin ido a taƙaice take. Masu ciwon suga da masu sikila su riƙa kai idonsu a duba bayansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Duk wanda ya ga sababbin ɗige-ɗige masu yawa, ko walƙiya, ko inuwa a gefen ganinsa, ya nemi likitan ido a ranar ko washegari, ko da ba ya jin zafi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma a wannan matakin ne aikin ya fi sauƙi, ya fi arha, ya kuma fi tsirar da gani.